Ruwan Tekun da Aka Kawo wa Kausar

Kausar ta shigo ofishin 'yan sanda na Ƙaraye da hantsi, rungume da gorar ruwa kamar jaririya. 

"Yallaɓai, mijina Kamilu ya tafi Legas tun makon jiya. Wayarsa a kashe."

Insfekta Zubair ya ja mata kujera. Ta ce tun suna saurayi da budurwa Kamilu ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga teku. Ya tafi ne ya duba masauki, ya kama musu motar haya, sannan ya dawo ya ɗauke ta. Abokinsa Sabi'u ne ya raka shi, shi da duk mai zuwa Legas daga Rogo yake neman shawararsa.

"Sabi'un ya dawo?"

"Shi kaɗai. Ya ce har sun kama wata farar mota. Ya kawo min wannan, wai ruwan teku ne Kamilu ya ɗebo min da hannunsa."

A kasuwar Rogo suka sami Sabi'u a shagonsa na cajin waya, yana koya wa wani ɗan kasuwa tafiya: kada ya kwana a tasha, kada ya shiga motar da bai san mai ita ba.

"Ina ka sauke Kamilu?" in ji Insfekta.

"Agege, ranka ya daɗe. Masauki mai tsabta, da maigadi."

Insfekta ya karɓi lambar wayar masaukin ya buga a gabansa. Mai masaukin ya ce bai ga baƙo mai wannan suna ba.

Sabi'u ya yi 'yar dariya. "Haka suke, ba sa faɗin sirrin baƙi."

"Motar hayar fa?"

"Baƙa ce. Direban Bayarabe ne."

"Ka ce wa matarsa fara ce."

Dariyar ta ɗauke.

Insfekta ya ajiye gorar a kan teburin cajin, inda rana ke shigowa. Ruwan ya kwanta. A ƙasa jan laka ne, a kansa ƙwayoyin gishirin miya da ba su narke ba.

"Malam Sabi'u, na yi aiki a Legas. Yashin bakin teku fari ne. Wannan lakar dam ɗinmu ce ta Challawa."

Kausar, da ke tsaye a ƙofa, ta matso. 

"Yaya Sabi'u, yana da rai?"

Ya kasa kallonta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ni na fara ganinki, Kausar. Shi ya riga ni magana. Da ya zo yana tambayata wane ɗaki ne tagarsa ke kallon ruwa, sai na ji ƙirjina zai tsage. Ba mu je Legas ba. Na kulle shi a ɗakin gonata a Kafin Dafga. Na ce in kin gaji da jira..."

"Yaushe rabonka da shi?" Insfekta ya katse shi.

"Shekaranjiya yana magana."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi bayan mota. Hanyar gona duk rami. Kausar na ta motsa leɓe tana addu'a.

Da isarsu, wani kofur da ya rako su ya fasa kwaɗon ɗakin da dutse. Wari da zafi suka bugo su. A lungu, kan buhunan gyaɗa, mutum ne kwance ba ya motsi.

Insfekta ya tsuguna, ya ɗora yatsu biyu a wuyansa. Ya daɗe a haka.

"A kawo ruwa," ya ce. "Kaɗan-kaɗan za a ba shi."