Rijiyar Khaulat da Rumbun Kaka

A wani ƙauye kusa da Minjibir akwai wata yarinya mai suna Aina'u. 'Yar aji shida ce a firamare. Tana da ƙoƙari, wannan ba a musu. Sai dai tana da wani hali guda. Ba ta son a yabi kowa a gabanta.

Wata rana aka kawo wa makarantarsu kwamfutocin hannu guda huɗu. Da sola ake yi musu caji a ofishin hedimasta. A cikinsu akwai wasan gini. Da yatsa ake ɗauko tubali a ajiye, a ɗora wani a kansa, har ɗaki ya tashi. Fili ɗaya ne a cikin wasan, amma kowane ɗan aji da fulotinsa.

Malaminsu, Malam Kamaru, ya ce kowa ya gina wani abu da aka san ƙauyen da shi. Kwamfutocin ba su da yawa, don haka minti ashirin kowa zai riƙa samu, sau biyu a mako. Bayan mako huɗu Dagaci da iyaye za su zo su gani. Ginin da ya fi kyau za a buga hotonsa babba a rataye a aji.

Aina'u ba ta yi dogon tunani ba. Rumbun kakanta za ta gina.

Kaka Nababa ne ya gina rumbun nan da hannunsa, tun ba a haifi baban Aina'u ba. Shi kaɗai ne rumbun ƙasa da ya rage a ƙauyen, don yanzu a buhu mutane suke ajiye hatsi. Ya tsage ta gefe ɗaya. Kowa yana cewa ba zai wuce daminar bana ba.

Da ta gaya wa Kaka, sai ya yi dariya har da tari. Shi dama ba ya kiran sunanta. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika.

Ya ce, "To Amarya, ki kula. Rumbu ba ya zama a ƙasa. Duwatsu tara ne a ƙarƙashinsa, saboda gara da danshi. Kuma kada ki bar shi ba jinka a kai."

Ta ce, "Kaka, ko ruwa ya rushe wannan, naka yana nan a bangon ajinmu. Na yi maka alkawari."

A ajin akwai wata baƙuwar yarinya, Khaulat. Daga Ungogo suka dawo, saboda an turo babanta aiki ƙaramin asibitin ƙauyen. Ta saba da irin wasan nan a wayar yayanta. Ita tsohuwar rijiyar gindin tsamiya ta zaɓa.

Hannun Khaulat akwai sauri. Kafin mako biyu rijiya ta fito tsaf, bakinta a zagaye sumul, ga gungumen icce a gicciye. Yara suka riƙa taruwa a bayanta suna leƙe. Har Malam Kamaru ya ce a zo a ga aiki mai kyau.

Aina'u ta ji kamar an zuba mata barkono a ido. Yarinyar da ko guga ba ta iya jefawa ba, ita za a rataye wa hoto? Ta daina gaishe da Khaulat. In Khaulat ta yi mata murmushi sai ta kau da kai. Ko a lokacinta na gini, rabin hankalinta yana kan fulotin Khaulat.

A gida Inna ta lura. Ta tambaye ta me ya sa take ta kumbure-kumbure. Aina'u ta ce wai Malam son kai yake yi, 'yar birni kawai yake yabo.

Inna ta ce, "Ke dai ki yi naki. Kin gama rumbun?"

"Saura kaɗan."

Gaskiya ne, saura kaɗan. Tun farko da gaggawa ta fara, ta dasa rumbun a ƙasa. Abin da ya rage shi ne ta cire layin ƙasa ta jera duwatsu tara, sannan ta ɗora jinka. Minti ashirin ya ishe ta.

Ranar Laraba ce damarta ta ƙarshe. Washegari Dagaci zai zo. Ta karɓi kwamfuta ta koma lungun aji. Ta ɗauko dutse na farko. Sai ta ce bari ta ɗan leƙa rijiyar nan sau ɗaya.

Da ta gan ta, zuciyarta ta tafasa. Ta duba hagu, ta duba dama. Ba mai kallonta.

Ta sa yatsa ta tsattsaga gungumen iccen, tsaga bakwai. Ta fasa bakin rijiyar ta gefen yamma. Ta zuba taɓo a gindinta, ta ɓata wurin kaca-kaca. Tana yi tana cewa a ranta, gobe sai mu ga wanda zai yaba.

Sai ta ji ƙararrawa. Malam ya ce a kawo kwamfutoci. Dutse ɗaya ma ba ta ajiye ba.

Abin da Aina'u ta manta shi ne, kullum da safe a rijiyar nan take jan ruwa. Ta san ta kamar tsakar gidansu. Ba ta sani ba, duk inda ta ɓata, inda ainihin rijiyar take a lalace ne.

Ranar Alhamis aji ya cika. Dagaci ya zauna a gaba. Kaka Nababa ya zo da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, yana gaya wa na kusa da shi cewa yau za su ga rumbunsa.

Malam ya fara da ginin sauran yara, ya nuna masallaci, ya nuna rumfar kasuwa. Sannan ya buɗe rijiya ya miƙa wa Dagaci. Aina'u ta gyara zama tana jiran a yi dariya.

Dagaci ya daɗe yana kallo. Ya fara ƙirga tsagogin da yatsa. A ƙauyen kowane tsohon gida yana da gurbinsa a jikin iccen nan, inda igiyar gugansu ta ci shekara da shekaru.

Ya ce, "Ikon Allah. Wannan na ukun gurbin gidanmu ne. A nan mahaifiyata take saka igiyarta. Ga ma inda wani bijimin sa ya fasa bakin, ga taɓon da muke zamewa muna yara. Wannan ita ce rijiyarmu."

Aka yi ta tafi. Dagaci ya ce wannan za a rataye. Aina'u ta ji kamar ta fashe don takaici. Da hannunta ta ba Khaulat nasara.

Khaulat ta miƙe a hankali. Ta ce ita rijiya sumul ta gina. Ba ita ta yi tsagogin ba, ba ta ma san kowane gida da gurbinsa ba. Malam ya tambayi wanda ya shiga fulotin wani. Aina'u ta sunkuyar da kai. Ya ce to, za a dawo kan maganar.

Sai ya buɗe rumbu. Ga shi nan zaune daɓas a ƙasa, kansa a buɗe. Wani a baya ya ce wannan ai tukunya ce. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya.

Kaka bai yi dariya ba. Ya kalli hoton, ya kalli jikarsa.

Ya ce, "Aina'u, ina duwatsun?"

Tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Nan take hawaye suka zubo mata. Ta miƙe ta faɗi komai. Ta ce ita ta shiga fulotin Khaulat, kuma ba don gyara ta shiga ba. Hassada ce ta sa ta, so take ta ɓata. A can lokacinta ya ƙare.

Malam Kamaru ya ce ta kyauta da ta faɗi gaskiya. Amma hoton rijiya sunan Khaulat kaɗai zai ɗauka, tunda da mugun nufi aka yi tsagogin. Kuma mako biyu Aina'u ba za ta taɓa kwamfuta ba.

Kaka ya tafi gida bai jira ta ba. Da yamma ta same shi zaune a gindin rumbun, yana kallon hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce ba shi ta fara ɓata wa ba, ta je ta nemi yafiyar yarinyar mutane.

Da safe ta sami Khaulat a bakin ƙofar aji. Da ƙyar maganar ta fito, amma ta fito.

Khaulat ta ce, "Na ji haushi fa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe. Ki kai ni in ga rumbun nan na gaske."

Suka je tare bayan an tashi. Suka durƙusa suka ƙirga duwatsun. Ranar Litinin Khaulat ta roƙi Malam ya bar ta ta ƙarasa rumbun a cikin minti ashirin ɗinta. Ya yarda. Khaulat tana gini, Aina'u tana gefenta, hannuwanta a baya, tana cewa wannan dutsen ya fi girma, jinkar ta ɗan karkata hagu.

Malam ya buga musu hoton a 'yar ƙaramar takarda. Suka kai wa Kaka. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya ƙirga duwatsu ɗaya bayan ɗaya har tara. Ya ga har tsagar gefen an sa.

Ya ce, "Yauwa Amarya. Yanzu kika gina rumbu."

Bayan kwana shida aka yi ruwa mai ƙarfi, rumbun ya zube. Kaka bai damu sosai ba. Ya riga ya liƙa hoton a bangon ɗakinsa, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

Daga ranar Aina'u ta gane cewa hassada mai ita take fara cuta. Lokacin da ka ɓata wajen rushe aikin wani, daga cikin lokacin aikinka ka ɗebe shi. Yanzu in aka yabi Khaulat a aji, Aina'u ce take fara tafi.