Mayen Ƙarfen Hijabin Zuhra

Da faɗa suka fara, don haka duk mai cewa kallon farko ne ya haɗa Zuhra da Kyari bai san zancen ba. Ranar wata Talata da hantsi mahaifinta, Alhaji Abdulrahman mai kayan lantarki, ya aike ta Jakara ta karɓo samfur. Ta baro Yakasai tana mita, ta tsallake kwata uku da sabon takalminta, sannan ta iske shagon Kyari. Wani inji ne a ciki yake ta dukan faifan tagulla, ƙwal, ƙwal, ƙwal, 'yan ƙananan abubuwa masu sheƙi suna zubowa cikin roba kamar gyaɗa.

Ta yi sallama sau biyu, mai shagon bai ɗago ba. Dogo ne, baƙi, ya tattara hankalinsa kan wani ma'auni mai baki kamar na kada, yana gwada ɗan abin da bai kai farce ba.

"Malam, mutum kake aunawa ko ƙarfe? Tun ɗazu nake tsaye."

Ya kashe injin, ya dube ta, kunya ta kama shi.

"Yi haƙuri, Malama. Idan na kuskure da kaurin gashi ɗaya, filogi ba zai zauna daidai ba, gidan wani ya kama da wuta."

Abin da yake bugawa ke nan, 'yan harsunan tagulla da ake sa wa cikin soket, waɗanda suke riƙe ƙafar filogi. Zuhra ta ɗauki ɗaya ta taɓe baki, ta ce ai kowa ma zai iya shafa wa ƙarfe ruwan zinare ya ce tagulla ce. Kyari bai yi musu ba. Ya nuna ɗan mayen ƙarfen da ta maƙale hijabinta da shi a ƙarƙashin haɓa.

"Ara mini wannan."

Ta ciro ta miƙa, tana riƙe da hijabin da ɗaya hannun. Ya ɗora shi kan ƙusa, ya kama caraf. Ya tsoma shi cikin robar tagullar, ya ɗago wayam.

"Tagulla ta gaske ba ta bin mayen ƙarfe. Ba ruwanta da shi."

"To Allah ya ba ta haƙuri," in ji Zuhra, ta fizge abinta. Sai da ta kai bakin lungu ta yi dariyar da ta danne.

Samfur ɗaya aka aike ta karɓowa, amma cikin wata biyu ta samo dalilin komawa Jakara sau biyar. Kyari kuwa, wanda ba ya iya haɗa jimla uku a gaban mace, sai ga shi gwani a waya.

"Tauraruwata, yau na buga dubu huɗu, ba ko ɗaya da ya kauce. Amma tun da kika ce ba za ki zo ba na rasa inda na ajiye ma'aunina."

"Injiniyana, duba aljihun gabanka. Kullum a can yake, har na fara kishi da shi."

Maganar ta isa gida, Alhaji Abdulrahman ya ɓata rai. Su zuriyar fatake ne da suka ƙetaro sahara tun kaka da kakanni, kuma ba ya bari a manta. Kyari kuwa jikan maƙeran Barno ne da suka zauna a Jakara suna zuba tagulla. Digirinsa na injiniya bai share wannan a idon Alhaji ba.

"Maƙeri dai maƙeri ne, ko da lantarki yake ƙira," ya ce.

Kai jama'a! Mutumin da shagonsa yake cike da aikin hannun yaron, yana sayarwa yana yabon ingancinsa, shi ne yake ƙyamar hannun. Mahaifiyar Zuhra, Hajiya Asma'u, ta yi ta lallashi har Alhaji ya ce to, magabatan yaron su zo ranar Asabar ta sama, a dai gaisa. Ko sau ɗaya bai ce ya ba da ita ba.

Akwai wanda wannan Asabar ta tsaya wa a wuya. Anas ne, ɗan ƙanin Alhaji, wanda yake kula da inda ake harhaɗa soket ɗin a Sharaɗa. Tun Zuhra tana sakandare yake kiranta matarsa, ita kuma tana amsa masa da Yaya Anas don ya san matsayinsa.

Saura kwana huɗu, sai ga wani mai sayar da ƙanƙara ya shigo shagon Alhaji yana kumfar baki, riƙe da soket da ya narke ya yi baƙi ƙirin. Firjinsa biyu sun ƙone, da ƙyar aka kashe wutar. Kafin la'asar an dawo da wasu guda bakwai. Anas ya kwashe su ya zube a gaban Alhaji, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Baba, na so in yi shiru saboda Zuhra. Kayan yaron nan ne. Ha'inci yake yi."

Alhaji bai tambayi kowa komai ba. Ya sa direba ya kai shi Jakara, ya tsaya a ƙofar shagon Kyari, a gaban maƙwabta da masu wucewa, ya kira shi macuci, ya kira shi maha'inci, ya ce kada wani nasa ya kuskura ya tako Yakasai ranar Asabar. Kyari yana tsaye hannunsa duk baƙin mai, yana cewa, "Baba, a ba ni ɗaya in duba." Ko ɗaya ba a ba shi ba. Washegari mutum biyu suka janye aikin da suka ba shi. Sunan da ya yi shekara shida yana ginawa, aka rushe shi kafin a kira magariba.

Abin da ya fi ciwo, ita ma Zuhra ta girgiza. Ta ga soket ɗin da idonta, ta ga hawayen mai ƙanƙara. Ta rubuta wa Kyari:

"Don Allah ka faɗa mini gaskiya. Ko sau ɗaya ka taɓa rage inganci?"

Amsar ba ta zo ba sai bayan awa uku.

"Zagin Baba na shanye shi, uba ne. Tambayarki ce ta hana ni cin abinci. Ba zan rantse miki ba, Zuhra. Kin san yadda ake ganewa."

Babu Tauraruwata, babu komai. Ta karanta ta sake karantawa, ta yi kuka mai isarta, haushin kanta ya cika ta. Sai kuma ta tsaya cak a kan jimlar ƙarshe, hannunta ya kai ƙarƙashin haɓarta.

Da safe ta tarar da Alhaji a falo yana karyawa, Anas a gefensa ya naɗe ƙafa yana shan shayi kamar an riga an ɗaura masa auren. Buhun soket ɗin da aka dawo da su yana jingine a bango. Ta gaishe su, ta jawo buhun, ta zauna a ƙasa da wuƙar kicin.

"Ke, mene ne haka?" in ji Alhaji.

"Abba, minti biyu nake roƙo. In na yi rashin kunya a hukunta ni bayan nan."

Ta kwance soket na farko, ta zaro harshen da ke ciki. Gefensa da kaushi, har ya yanke ta a yatsa. Na Kyari kuwa sumul suke fitowa, ta sha wasa da su a tafin hannunta. Ta cire mayen ƙarfen hijabinta ta kusantar. Caraf! Ta buɗe na biyu, caraf. Na uku, na huɗu, har na takwas, duk suka maƙale suna reto. Sannan ta kwance bakin gyalenta ta fito da harshe ɗaya daga samfurin da ta karɓo ranar farko, wanda ta ɓoye wata da watanni. Ta ɗora, ya zame ya faɗi kan kafet.

"Abba, wannan ne na Kyari. Waɗancan baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Shi ya sa suke zafi har su narke." Ta juya ta dubi Anas. "Daga Jakara kayan nan Sharaɗa suke zuwa, ba sa biyawa ko'ina. Yaya Anas, a hannun wa suka canza?"

Anas ya ce sharri ne. Ya ce yarinya ce, me ta sani. Ya ce ai kowa yana haɗawa da na waje don a samu sauƙi, kuma shi bai zaci za su yi wuta ba. A nan ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ajiye kofin shayin. Ashe rabin na Kyari yake karkatarwa wani wuri, ya cike gurbin da na bogi, da wuta ta tashi kuma ya ga hanyar kawar da abokin takara. Ko kunyar Allah babu!

Alhaji ya daɗe yana juya ɗan samfurin a hannunsa. Zuhra ta share hawaye ta ce, "Ya roƙe ka ka ba shi ɗaya ya duba, Abba. Ɗaya tak."

"Tashi ka ba ni wuri," Alhaji ya ce wa Anas, ko kallonsa bai yi ba. Sannan ya ɗauki hularsa.

A ƙafa ya tafi Jakara, bai nemi direba ba. Ya tsaya daidai inda ya tsaya shekaranjiya, ya sa aka kira maƙwabtan nan dai da suka ji zagin. Kyari ya fito zai durƙusa, Alhaji ya riƙe kafaɗarsa.

"A nan na ci mutuncinka, a nan zan wanke ka. Jama'a, yaron nan bai cuci kowa ba. Ɓarnar daga gidana take, kuma ni zan gyara wa duk wanda ta shafa. Kyari, ka yafe mini. Ka ce wa iyayenka Asabar tana nan, kuma ba gaisuwa kaɗai za su zo yi ba."

Da rana saƙo ya shigo wayar Zuhra.

"Tauraruwata, na ci abinci."

"Ka yafe mini tambayar nan, Injiniyana?"

"Wace tambaya? Ni na ji an ce wata ta kwance soket takwas da wuƙar yanka albasa. Ina neman ma'aikaciya."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a Yakasai, masallaci ya cika har titi, maƙeran Jakara a sahun gaba kusa da Alhaji. Washegari da hantsi, bayan 'yan rakiya sun watse, Kyari ya shigo ɗakin amarya cikin babbar riga, yana ta sunkuyar da kai. Zuhra ta ce ya tsaya, ita fa yanzu ba ta karɓar kaya sai ta gwada. Ta ciro mayen ƙarfenta ta ɗora masa a ƙirji.

Caraf, ya kama.

Ta zaro ido. "Innalillahi! Kai ma na bogi ne?"

Kyari ya sa hannu cikin aljihu a sanyaye, ya zaro ma'aunin nan mai bakin kada. Har wurin ɗaurin aure da shi ya je. Ta ƙwace ta tura ƙarƙashin filo, ta sake ɗora mayen ƙarfen a ƙirjinsa. Ya zame ya faɗo cikin tafin hannunta.

"Yawwa," ta ce. "Wannan na karɓa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma tsare mu da yanke wa mutum hukunci kafin a ba shi ko ɗaya ya duba.