Minti Bakwai Bayan Shan Ruwa

"Ba zan rufe fayil ɗin nan ba, Alhaji."

Alhaji Garzali, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa mazauna birnin Greensboro, ya dubi Insfekta Salwa kamar bai ji daidai ba. A ofis jami'ar bincike ake ce mata, amma tun ranar da ta sa kaki 'yan gida suka laƙaba mata Insfekta.

"Ni nake ce miki ki bari. Za mu sasanta a tsakaninmu. So kike gari ya ɗauka cewa mutanenmu 'yan caca ne?"

"Kwana talatin aka ba Mama Yemima, Alhaji. In ban gano mai laifin ba, watso mata kaya waje za a yi."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da safiyar ranar ne Mama Yemima, wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai a unguwar Glenwood, ta zo caji ofis da takardar haraji a hannu. Takardar ta ce bara ta ci dala dubu tara a cacar wasanni ta waya. Ofishin da ke taimaka mata da kuɗin haya ya ce ta ɓoye samu, za a yanke tallafin.

"'Yata, ni ko ƙwallon ban san inda ake jefa ta ba," in ji ta. "Wayata ma sai jikata ta zo take buɗe mini."

Salwa ta nemi bayanai daga kamfanin cacar da izinin kotu. Abin da ya zo ya fi abin da ta zata. Kamfanin yana da garaɓasa ga sabon shiga: ka zuba dala biyar, a ba ka ɗari biyu ka yi caca da su. Sau ɗaya ake ba mutum. Wani ya buɗe akawun goma sha ɗaya da waya guda, duk da sunayen tsofaffin ƙungiyar. A kowane hoton fuska da aka buɗe akawun da shi akwai koren labulen zauren da ƙungiyar take haya.

Ta fara da Malachy, direban tasi mai ɗaukar hoto a bukukuwa. Ta same shi yana wanke mota.

"Kai ka ɗauki hotunan tsofaffi a zaure?"

"Ni? Na manta rabona da zauren nan."

Ta nuna masa hoton Mama Yemima. A gilashin tagar baya ana hango jar hularsa.

"To, ni ne," ya ce yana matse soso. "Na asusun jana'iza ne, wanda ake tarawa don kai gawa gida. Aka ce kowa ya kawo hoto da kwafin katin shaida da lambarsa ta gwamnati. Na ɗauka, na miƙa wa sakatare. Insfekta, ina da 'ya'ya uku. Na san dai a kaina za a sauke wannan kayan."

"Kana caca?"

"Sau ɗaya. Suka ba ni bonas, suka cinye da nawa. Matata ta kusa kora ta."

Muzammil, sakataren ƙungiya, yana aiki a kantin magani a unguwar Sedgefield. Ya amsa mata yana jera kwalabe.

"Fayil ɗin asusun jana'izar yana cikin kabad a kulle. Makulli bai taɓa barin aljihuna ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ki tambayi Malachy dai. Shi ne ba ya azumi ba ya salla, kuma kowa ya san ya taɓa yin caca."

Salwa ta rubuta maganar.

A ofis ta baje takardun kamfanin a tebur. Duk cacar watan farko daga harabar zauren aka yi ta. Abokin aikinta Gregory ya duba jerin lokutan ya ɗaga kafaɗa.

"Da yamma yake yi. Kowa ma da yamma yake yi."

Salwa ta bi layin da biro. Ranar farko, bakwai da minti talatin da ɗaya. Kashegari da talatin da biyu. Bayan mako biyu, da arba'in da uku. Kullum lokacin yana matsawa gaba kaɗan. Ta buɗe waya ta nemo jadawalin azumin bara, ta ajiye shi kusa da takardar.

"Mene ne?" in ji Gregory.

"Rana yake bi. Bai taɓa yin caca da azumi a bakinsa ba. Sai an sha ruwa da minti bakwai."

"Wato ba Malachy ba ne."

"Ba shi ba ne. Mai azumi ne, mai tsoron kada azuminsa ya lalace."

Ta koma wurin Muzammil ta ajiye masa takardun biyu a kan teburin kantin.

"Minti bakwai bayan shan ruwa, ina kake a zaure?"

"A sahu mana. Ni nake ta da iƙama. Mutum hamsin za su shaida."

"To makulli fa? Ka sake tunani, don wannan karon rubutawa zan yi ka sa hannu."

Muzammil ya ajiye kwalbar da ke hannunsa.

"Da azumi yana rataye a ƙusa a kicin. Zobe ɗaya ne da na sito, masu girki suna bukata."

"Wa ke zama a kicin in an ta da salla?"

Ya sunkuyar da kai. Salwa ba ta matsa masa ba, domin ta san amsar. Mace ɗaya ce take tsayawa zuba abinci kullum, ta yi sallarta daga baya: Anti Bebi.

Ta daɗe zaune a mota kafin ta tayar. Anti Bebi ce ta tarbe ta a filin jirgi tana da shekara goma sha bakwai. A gidanta na Pleasant Garden ta zauna har ta gama jami'a. Lokacin da dattawa suka ce 'ya mace ba ta aikin ɗan sanda, Anti Bebi ce kaɗai ta tsaya mata.

Ta sanar da shugabanta dangantakar. Ya ce Gregory ya yi kamun, ita ta zauna. Ta roƙi a bar ta ta shiga tare da shi, ya yarda.

Sun tarar da Anti Bebi tana suyar ƙosai da hantsi.

"A'a, Insfekta ce da kanta! Zauna, yanzu zan kwashe. Wannan baƙon naki yana cin yaji?"

"Anti, ina wayar nan taki mai shuɗin marfi?"

"Ta faɗa ruwa tun bara."

"Kamfanin ya ce ranar Lahadi ma an yi caca da ita. Daga gidan nan."

Man ya ci gaba da ƙara. Anti Bebi ta kashe wuta a hankali, ta goge hannu da zane.

"Kyauta suka ce, Salwa. Wata a wurin aiki ta nuna mini. Na sa biyar, na ci ɗari huɗu a wasa ɗaya. Da bonas ɗin ya ƙare na nemi wani, suka ce sai sabon suna. Sai ga makulli a ƙusa." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na ce ai ba kuɗinsu na taɓa ba, suna kawai na ara."

"Dubu taran da sunan Mama Yemima ya ci fa?"

"Sun koma inda suka fito. Da su da adashina, da sarƙar aurena. Kullum sai in ga saura ƙiris." Ta dube ta. "Ke kaɗai kika iya karanta lokutan nan. Baturen nan bai san magariba ba. Da kin yi shiru, da shi ke nan."

"Da Mama Yemima ta kwana a titi, Anti. Da an kama Malachy."

"Ni na goya ki a ƙasar nan."

"Na sani. Sa mayafinki."

Gregory ya karanta mata haƙƙin da doka ta ba wanda aka kama. Salwa ta riƙe mata ƙofar mota, Anti Bebi ta shiga ba ta kalle ta ba.

Kwana shida kafin wa'adi ya cika, ofishin tallafi ya karɓi rahoton, Mama Yemima ta ci gaba da zama a ɗakinta.

A makon ne aka cire Salwa daga zauren sada zumunta na ƙungiya a waya. Mahaifiyarta ta kira daga Zariya ta yi kuka, ta kashe ba sallama. Da azumi ya zagayo ba wanda ya aiko mata da ko kofin kunu. Ranar Salla ta je idi, ta shimfiɗa dardumarta a sahun mata, na dama da na hagu suka ja nasu gefe. Ta yi sallarta a tsakiyar filin da suka bar mata, ta naɗe darduma, ta wuce ofis. Ta rasa gidan da ya raine ta da mutanen da take jin Hausa a bakinsu, kuma ta san ba za su dawo ba.