Kukan Da Ake Ɓoye Wa Mai Walda

Tun da matar mai walda ta haihu, kicin ya zama ɗakinta. Da jaririyar ta ɓare baki, sai ta sunkuce ta ta shige can, ta turo ƙofa, ta zauna kan kifaffen bokiti tana jijjiga ta. Daga ita sai tukwane. Ba mai ce mata sannu.

Tun tana ƙarama labari ɗaya take ji a bakin mahaifiyarta: "Kukanki ne ya kori ubanki. Wata uku kina tsala ihu, ya ɗauki jakarsa, har yau!" Ranar da Mama ta zo ganin jika ma sai da ta ja mata kunne: "Namiji ba ya son hayaniya. Kar ki bari ya ji."

Shi kuwa bawan Allah, kullum ya dawo daga shago ya tarar da falo tsit, abinci a rufe. Ya ci shi kaɗai kamar baƙo.

Rannan ya manta tabaran aikinsa, ya dawo da rana tsaka. Ya ji kuka, ya tura ƙofar kicin, sai ga uwa na kuka, 'ya na kuka!

"Subhanallahi! Gasa kuke yi? Wa ke kan gaba?"

Ta miƙe a firgice. "Don Allah yi haƙuri, yanzu za ta yi shiru. Kar ka tafi..."

"In tafi ina?"

Ta zayyana masa komai, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai ya ce:

"Ni kuma na ɗauka ƙyamar hannuna kike, saboda baƙin ƙarfe. A gidanmu mu goma sha ɗaya ne, Baba da yaro a kafaɗa yake cin abinci. Wata biyu ina jira ki miƙo min ita, kunya ta hana ni tambaya."

"Ba za ta dame ka ba?"

"Ni da nake yankan ƙarfe tun safe? Wannan ai rediyo ce aka rage wa murya! Kawo ta nan."

Ta miƙa masa ita. Yarinya ta ƙure murya, ta kuma jiƙa masa riga sharkaf.

"Madalla, mun gaisa!" in ji shi, ya ƙara rungume ta. Matar ta kwashe da dariya, irin wadda ta manta tana da ita.

Mama ba ƙarya ta yi ba, abin da ya same ta ta faɗa. Amma tsoron da ka taso da shi, in ka ɓoye wa abokin zamanka, sai ya raba ku kuna gida ɗaya.