Matar da Ke Cikin Wayar Lauya

A ƙofar laburare suka haɗu. Auta ta fito a guje, ta yi tuntuɓe da farar sandarsa, takardunta suka watse.

"Baiwar Allah, ni ne makaho, amma ke ce ba kya gani?" in ji shi yana dariya.

Shari'a yake karantawa, shi ya sa kowa ke ce masa Lauya. Kafin wata biyu, Auta ko abinci ba ta iya ci sai ta ji muryarsa.

To, jami'ar ta kafa doka, duk ɗalibi makaho a ba shi ɗakin karatu da mai karanta masa takardu. Doka mai kyau, Allah ya saka musu. Sai dai wadda aka ba Lauya budurwa ce mai murya kamar ta rediyo. Kullum awa biyu, kujera kusa da kujera.

"Duk makarantar nan babu namijin da ya iya karatu?" in ji Auta.

"Autata, dokar gado take karanta min, ba waƙa ba."

"Kai ai da kunne kake so. Ta nan za a ƙwace min kai."

A gidan su Auta kuma Baba ya kafe ba zai ba makaho 'yarsa ba. "Wa zai riƙe wani a cikinsu?" Da ƙyar Mama ta shawo kansa a bar yaron ya zo gaisuwa ranar Asabar.

Auta ta ruga don ta yi wa Lauya albishir. Tana isa ƙofar ɗakin ta ji muryar mace a ciki:

"Ka ci abinci kuwa, nawa? Kar ka bi ta bayan laburare, sun haƙa rami. Ina kewarka."

Har "nawa" ɗin da take ce masa an sace! Ta banka ƙofa.

"Ina take? Fito, munafuka!"

Lauya ne shi kaɗai, waya a gabansa. Ya laluba ya danna, muryar ta ƙarasa: "Daga Auta, ranar Litinin."

"Wayar ce ke karanta min saƙo. Yau na manta abin kunnena. Naki ne, sau bakwai ke nan ina maimaitawa."

Ta sulale kan kujera, kunya kamar ta nitse. Can ta ɗago.

"To ka canza mata murya. Ta namiji."

Ya canza. Wata ƙatuwar murya ta ce, "Ina kewarka." Dariya har da hawaye.

Ranar Asabar ya zo shi kaɗai da sandarsa, ya amsa tambayoyin Baba ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Da ya tafi, Mama ta ba Baba labarin wayar. Baba ya girgiza kai.

"Wadda ta nemi dambe da waya, in na hana ta, da ni za ta yi."

Suna gama makaranta aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sassauta wa amarya wannan kishi, amin.