Makin Auta

Da la'asar Malama tana zaune a tsakar falo, ta baje takardun jarrabawar 'yan aji shida a kan kafet, jan biro a hannunta. Mijinta ya yi sallama ya shigo, jakar kayan aiki a kafaɗa. Gyaran wutar lantarki yake yi, shi ya sa kowa ke kiransa Injiniya. Ko shekara ba su rufa da aure ba.

"Wai ni sai na rubuta jarrabawa sannan za a ɗago a dube ni?" ya ce yana cire takalmi.

"Rubuta mana, in ba ka sifili," ta ce. Ta yi ƙoƙarin yin dariya, dariyar ta ƙi fita.

Ya tsuguna kusa da ita. "Lafiya kuwa, Malamata?"

Ta miƙa masa takarda guda. Ta Auta ce, ƙanwarsa, wadda ke ajinta tun farkon shekara. Auta tana goye mahaifinsu ya rasu, don haka a wurin Mama, mahaifiyarsu, babu wanda ya kai ta.

"Duk abin da ke nan na yarinyar da ke gefenta ne," in ji Malama. "Har inda yarinyar ta yi kuskure ta soke, ita ma ta rubuta ta soke. Na kira ta ita kaɗai lokacin hutun tara, na buɗe mata shafin da ba mu taɓa yi ba. Wallahi layi ɗaya ta kasa karantawa."

"Auta? Yarinyar da ke zuba kamar rediyo?"

"Hadda ce. In an karanta a aji sai ta riƙe a ka. Kaifin kai gare ta, amma ba ta iya karatu ba. Duk tes ɗin da na yi musu a zangon nan haka yake nunawa. Na gwada gaya wa Mama tun tuni, ta ce sharrin yara ne."

"To yanzu ya za a yi?"

"Sai ta maimaita aji."

Injiniya ya zauna daɓas a ƙasa. "Inna lillahi! Kin san me kike faɗa kuwa?"

Ta sani. Shi ya sa tun rana ko ruwa ta kasa sha.

Washegari Mama ta aiko a kira ta. Malama ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ta gaishe ta, Mama ba ta amsa ba. Auta na rakuɓe a bayan kujera, kanta a ƙasa.

"Tun daga aji ɗaya yarinyar nan take cin jarrabawa," Mama ta fara. "Malamai nawa suka koyar da ita? Duk ba su san aikinsu ba sai ke? Na kawo ki gidana, na riƙe ki kamar 'yar cikina, sakayyar da za ki yi mini ke nan? Ki kunyata marainiya a gaban ƙawayenta?"

"Mama, ki yi haƙuri. In ta wuce sakandare a haka wahala za ta—"

"Rufe mini baki! Ƙawayenta su sa sabon yunifom, ita tana zaune da ƙannen bayanta? Biron a hannunki yake. Ki gyara!"

Malama ta koma sashensu tana kuka. Injiniya ya biyo ta, ya riƙe hannuwanta biyu.

"Don Allah, don son da nake miki. Maki kaɗan ne fa. Ki ƙara mata ta haye, in ya so mu ɗaukar mata mai lesin a gida."

"Haka kowane malami ya ce, shekara bayan shekara. Kowa ya tausaya mata ya tura ta gaba, ga inda tausayin ya kawo ta."

"To ni fa? Ni wa zai tausaya mini? Uwata ce!"

"Na sani."

"Ke kuma matata ce!"

"Na sani," ta sake cewa. "Ka ce in bar aikin, zan bari. Amma kar ka sa in rubuta ƙarya a kan Auta. Ina sonta."

Ya sake ta, ya fita.

Ta je wurin hedimasta ko zai ɗauke mata nauyin. Ya saurare ta yana juya makulli a kan tebur, sannan ya ce, "Malama, ni ba na shiga harkar gida. Abin da kika rubuta, shi zan sa wa hannu." Ta koma ajin da babu kowa, ta zauna a gaban takardar sakamako. Ta ɗaga biro ta ajiye, ta ɗaga ta ajiye. Maki ɗaya ta sauya, aurenta ya zauna lafiya, kuma babu wanda zai taɓa tambayarta. Sai ta tuna yadda Auta ta ɗora yatsa a kan layin farko na shafin nan ta kasa gaba. Ta rubuta gaskiya, hawaye na ɗiga a gefen tebur.

Ranar da aka ba da rizol, Auta ta shigo gida da kuka. Mama ta kira ɗanta ta ce, "Ko ni ko matarka a gidan nan. Ka zaɓa."

Shi da kansa ya kai Malama gidan iyayenta a kan babur, akwatinta a tsakaninsu. A ƙofar gida ya ce, idonsa jawur, "Ban sake ki ba, kuma ba zan sake ki ba. Amma ban san yadda zan yi ba."

"Ka je kawai," ta ce. "Kar ka saɓa mata saboda ni."

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Ummanta ta tafa hannu ta ce, "Maki ne fa, 'yar nan, ba rai ba! A kan jan biro za ki kashe aurenki?" Yayarta kuwa cewa ta yi, "Ai ga gaskiyar nan, sai ki aure ta." Malama ita kanta wani lokaci sai ta ji kamar ta yi wauta.

Haka hutun ya yi ta tafiya. Ta rame, ta daina fita ko tsakar gida. Injiniya kan kira ta a waya, ya ce, "Kin ci abinci?" ta ce, "Na ci," alhali ba ta ci ba.

Mama kuwa ta rantse Auta ba za ta maimaita ba. Gab da komawa makaranta ta ɗauke ta zuwa wata sakandare mai tsada, ta ce da kanta za ta zauna a wurin intabiyu. Shugabar makarantar ta karɓe su da fara'a, ta miƙa wa Auta wani ƙaramin littafi.

"Karanta mana nan, 'yammata."

Auta ta riƙe littafin. Fanka na juyawa a sama. Leɓɓanta suka motsa, sauti bai fito ba.

"Karanta mana, Auta," in ji Mama. "Kunya ce, ranki ya daɗe, a gida ba ta rufe baki."

Littafin ya faɗi ƙasa. Auta ta fashe da kuka, ta faɗa jikin uwarta.

"Mama, ban iya ba! Wallahi ban taɓa iyawa ba! Kullum cikin tsoro nake kar a ce in tashi in karanta. Anti ce kaɗai ta gane, kuma ba ta yi mini dariya ba. Ta ce za ta koya mini tun daga farko, ke kuma kika kore ta!"

Mama ta dubi yarinyar da take alfahari da ita a gaban kowa, ta ga ashe shekara da shekaru tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai. Ta miƙe, ko sallama ba ta iya yi wa shugabar ba.

Da safe Malama na wanke-wanke ta ji sallama. Ta ɗago, sai ga Mama, Auta a gefenta, Injiniya a baya yana sosa ƙeya. Ta yi sauri za ta durƙusa, Mama ta riƙo ta.

"Tashi, 'yata. Ni ce da durƙuso yau. Ki yafe mini. Duk waɗanda suka faranta mini cutar yarinyar nan suka yi, ke da kika ɓata mini rai ke ce mai ƙaunarta."

"Mama, ba ki yi mini komai ba," in ji Malama, kuka ya ci ƙarfinta.

"Anti, sori," Auta ta ce a hankali. "Zan maimaita."

Injiniya bai jira an ce masa ba, ya shige ɗaki ya ɗauko akwati, har yana tuntuɓe da bokiti. Umma ta bi shi da kallo ta ce, "Kai dai a hankali, ba guduwa za ta yi ba!"

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Yara sun tsokani Auta, ta sha kuka, sau da yawa ta jefar da littafi ta ce ta gaji. Kullum bayan la'asar Malama kan zaunar da ita su bi harafi-harafi, Mama na gefe tana korar duk wanda ya zo da surutu. Wata rana suna kan hanyar kasuwa Auta ta tsaya cak a gaban wani shago, ta ɗaga kai ta karanta allon da ke sama tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya sa ta. Mama ta rungume ta a tsakiyar titi, masu wucewa na kallo, ita ko a jikinta.

Makin da aka ba yaro don a faranta wa iyayensa, yaron ne ke biyansa da hawaye daga baya. Wanda ya gaya maka gaskiya a kan ɗanka, ko da ta yi ɗaci, shi ne masoyinka. Kuma duk wanda ya tsaya a kan amana ya yi haƙuri, Allah ba ya barinsa ya taɓe.