Barci a Kan Gwiwar Goggo

Da hantsi Nas ta shigo gida riƙe da takalmin aikinta a hannu, don ƙafafunta sun kumbura sun ƙi zama a ciki. A asibiti ta kwana tana aikin dare. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin surukarta, wadda tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta.

"Mama, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Kin dawo? Je ki ɗan kwanta mana."

Kullum haka Mama take cewa, kullum kuma Nas ba ta zuwa. Ta ɗora ruwa, ta goge wa tsohuwa jiki, ta sauya zanen gado, ta shafa mata mai a baya, ta ba ta abin karyawa da magani. Tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya kowa Nas yake ce mata saboda aikinta na jinya, kuma da gaske suka ɗauki sunan, don ba wanda ya taɓa tunanin ita ma tana tashi daga aiki.

Mijinta, wanda duk dangi ke kira Auta, ya same ta a kicin ta jingina da bango, cokali a hannu, idonta a rufe. Tausayinta ya kama shi har cikin ransa.

"Nas! Buɗe ido ki ga wani abu."

Ya miƙa mata wayarsa. Hoton wani ɗaki ne mai faffaɗan gado da farin zane.

"Na kama mana ɗaki a otal, can babban birni. Kin ɗauki hutu, na ɗauki hutu. Kwana biyu ba asibiti, ba kicin, ba mai kiran sunanki."

"Mama fa?"

"Yayata za ta zo ta zauna da ita. Da ƙyar na shawo kanta, amma ta yarda. Yanzu faɗa mini, me kike so ki gani a can? Akwai gidan namun daji, akwai manyan kantuna..."

"Barci," in ji Nas. "Ni dai barci nake so in gani."

Mama ta sa musu albarka, amma da sharaɗi. "Ba za ku shiga garin nan ku fito kamar ɓarayi ba. Ku gaida dangi, kowa da kowa. Zumunta a ƙafa take."

To a nan Auta ya ga abin da ya iya. Direban kamfani ne, aikinsa raba katan-katan na sabulu da man shafawa shago-shago, kuma a wurin aikinsu ba wanda ya kai shi iya tsara hanya. Na kusa da farko, sai na gaba da shi, a zagayo a dawo, ba a bin titi ɗaya sau biyu. Ya buɗe taswira a waya, ya sa otal a tsakiya, ya jera gidajen dangi kamar yadda yake jera shaguna. Nufinsa mai kyau ne, a gama gaisuwa da wuri matarsa ta samu ta kwanta. Sai dai gidan Goggo, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi duk shekarun da ya yi karatu a birnin, shi ne can ƙarshen gari. Saboda haka ita ta faɗo a ƙarshe.

Nas ta leƙa wayar. "Anya ba da Goggo za mu fara ba? Ita ce babba fa."

"Haba, ki bar ni da aikina! In muka fara da ita mun kashe yini a cunkoso. Mu share na kusa, ita mu ba ta rana guda cikakkiya. Ai gata ne."

Ba ta da ƙarfin gardama, sai ta bar shi da tsarinsa.

Otal ɗin ya fi hotonsa kyau. Aka ba su kati maimakon makulli, lif ya kai su sama. Ɗakin sanyi ƙalau, labule mai kauri, motoci can ƙasa suna ta hayaniyarsu amma ko ɗuriyarsu ba a ji. Nas ta zauna a bakin gado, katifa ta karɓe ta, ta lumshe ido ta ce, "Wayyo daɗi!"

"Tashi mu fara," in ji Auta, yana duba waya. "Gidan ɗan Baffa yana nan bayanmu, da ƙafa ma za mu je. Mu gama mu dawo ki yi ta barcinki."

Daga gidan ɗan Baffa suka wuce gidan Kawu, daga nan gidan ƙanwar Mama. Ko'ina tambaya ɗaya ce.

"Ina kuka sauka?"

"A otal."

Sai a kalli juna, a ce, "To, madalla." Ko'ina kuma sai an cika musu faranti an tsare su sai sun ci. Da an tuna matar Auta ma'aikaciyar jinya ce kuwa, shi ke nan. Kawu ya miƙo hannu a auna masa jini, matarsa ta zazzage ledar magunguna a yi mata bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, wata ta kawo yaro mai ƙuraje a duba. Nas tana murmushi tana yi, idonta ya yi ja. A gidan ɗan Baffa an ɗauki hoto, an kuma jefa shi a guruf ɗin dangi har da rubutu a ƙasa: "Manyan baƙi, da mu suka fara!"

Bayan magariba suka koma otal. Nas na cire takalmi wayar Auta ta yi ƙara. Goggo ce, kuma ba sai ya sa a sifika ba, muryarta ta isa.

"Auta! Ashe kana garin nan? A hoto zan gan ka?"

"Goggo, ina wuni? Dama gobe..."

"Rufe mini baki! Ɗakin da ka girma a ciki yana nan, na share na shimfiɗa, ka je ka kwanta a otal kamar marar dangi. Wannan bai ishe ka ba, sai ka fara da gidan yaron da na yi wa wankan jarirai, ni ka bar ni a ƙarshe! Na san ba halinka ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan 'yar asibitin ce, tun da ta shigo ta raba ka da mu."

Nas ta ɗago ta kalli mijinta. Magana ɗaya tak take jira. Auta ya sosa ƙeya, ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri."

"Gobe ina nan tafe. Kuma in dai ni na raine ka, daga nan gidansu za ta wuce, ta koyo yadda ake girmama manya!"

Waya ta mutu. Hawaye suka zubo wa Nas, ba ta ko share su ba.

"Sori, Nas. Kin san Goggo, in tana faɗa ba a katse ta."

"Ba faɗanta ne ya yi mini ciwo ba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shirunka ne. Na ce maka mu fara da ita ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"To ni ba zan tona ka a gabanta ba. Mijina ne kai, ba zan wanke kaina da ruwan da zai ɓata ka ba. In ta ce in tafi gidanmu ka yi shiru, zan tafi. Wallahi na gaji, Auta. Ko ƙarfin fushi ba ni da shi."

Ga gado mai laushi, ga sanyi, ga shiru, duk abin da ta yi ta mafarki, amma daren nan ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Auta ma haka ya kwana yana juyi. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Da safe aka bugo daga risefshan cewa suna da baƙuwa. Goggo ta ƙi shiga lif, ta ce ita ba a rufe ta a akwati da ranta. Ta matakala ta hawo, tana haki tana mita, ta shigo ta zauna a kujerar da ke jikin taga, jakarta a kan cinya. Auta ya rakuɓe a bakin ƙofa. Nas ta zo ta durƙusa a gabanta, dab da ƙafafunta.

"Goggo, sannu da zuwa. Ina kwana?"

"Da ban kwana ba za ki gan ni?"

Sai ta ɗauko faɗa daga tushe. Ta faɗi yadda Auta ya zo hannunta da wando ɗaya, yadda ta yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, yadda take tashi da asuba ta haɗa masa abin tafiya makaranta. Ta faɗi halin 'yan matan yanzu, masu karatu, masu son otal da esi. Nas ba ta ce komai ba sai, "Ki yi haƙuri, Goggo. Allah ya huci zuciyarki." Kanta a sunkuye, tana ƙara sunkuyawa.

Barci ɓarawo ne, ba ya neman izini. Goggo na tsakiyar zancen kuɗin littafi da ta sayar da ɗan kunnenta ta biya, sai ta ji nauyi a gwiwarta. Goshin Nas ne. Numfashinta har ya sauya.

"La'ilaha illallahu! Ina magana tana barci? Auta, ka ga raini ko?"

Ta ɗaga hannu za ta ture ta. A nan ne Auta ya zube a ƙasa.

"Goggo, don Allah kar ki tashe ta! Ni ne, wallahi ni ne. Ni na kama otal, ni na tsara hanya. Ta ce mu fara da ke, na ce ta bar ni da aikina. Jera ku na yi kamar shagunan da nake kai wa kaya, na kusa da farko. Jiya kuma tsoronki ya hana ni faɗa."

Goggo ta tsaya da hannu a sama.

"Otal ɗin fa? Gidana wuta ne?"

"Don ta yi barci ne kawai. Tun da Mama ta kwanta, ita ke juya ta, ita ke mata wanka, ita ke kwashe abin da ni ɗanta ban iya kallo. Ta kwana a asibiti, ta yini a ɗakin Mama. Ko ɗazu Yaya ta bugo tana cewa mu dawo, bayanta ya ƙage garin juya Mama. Kwana ɗaya fa ke nan, Goggo. A gidanki kunya ba za ta bar ta ta kwanta kina aiki ba. Shi ya sa."

Goggo ta sauke hannunta a hankali. Ta kalli tafin hannun Nas da ya faɗo kan kafet ɗin ɗakin, duk ya bushe ya tsage saboda ruwa da sabulu. Ta kalli ƙafafun da suka kumbura. Ita ma ta yi jinyar miji har ya koma ga Mahaliccinsa, ta san irin barcin nan, ta kuma san ba raini ke kawo shi ba. Kunya ta kama ta, idonta ya ciko.

"Kuma jiya tana ji ina zaginta ba ta ce kai ne ba?"

"Ta ce ba za ta tona ni ba."

"Kai dai an yi sakarai," in ji Goggo, amma da raɗa ta faɗa. "Rage sanyin nan. Ja labule."

Ta warware mayafinta ta lulluɓe Nas. Haka ta zauna ba motsi har ƙafarta ta yi tsami ta mutu, ba ta janye ba. Sai da barcin ya yi nauyi sosai ita da Auta suka kama ta a hankali suka ɗora a gado.

Daga nan Goggo ta sauka ƙasa, ta ja kujera kusa da teburin karɓar baƙi ta kafa zama. Dangi kuwa sun ji labarin za a yi ta, suka fara zuwa kallo da sunan rama gaisuwa. Kawu ne na farko, da ledar magungunan matarsa a hannu.

"Ina za ka?"

"Wajen su Auta, Yaya."

"'Yata tana barci. Yau asibitin a rufe yake. Juya!"

Duk wanda ya zo haka ya koma. Har ma'aikaciyar otal ɗin ta daina tambayar baƙi wa suke nema, sai dai ta nuna musu Goggo.

Sai bayan la'asar Nas ta farka. Ta ga mayafin da ba nata ba a jikinta, ta tuna inda barci ya ɗauke ta. Ta sauko a guje, Auta na bin ta, ta durƙusa.

"Goggo, ki yafe mini, wallahi ban san..."

"Tashi, 'yar nan. Ni ce zan nemi yafiyarki. Kin riƙe mana mara lafiya, mu muna nan muna lissafin wa aka fara gayarwa. In kun koma ni ma ina tafe, in karɓe ki na wata guda, kuma duk sai na jera dangi kowa ya yi nasa." Ta juya ga Auta. "Kai kuma, ni ba katan ɗin sabulu ba ce, ka ji ko? Ba sai kun zo gidana ba, ai na zo. Ka bar ta ta ƙara barci."

Nas ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi, ta kifa kanta a gwiwar da ta yi barci a kai.

Mahaƙurci mawadaci. Da Nas ta buɗe baki ta wanke kanta a daren nan, da ta ci gardama ta kunyata mijinta, Goggo kuma ta ƙara riƙe ta a zuciya. Haƙurinta ne ya yi mata magana. Namiji kuma ya sani, shirunsa a lokacin da ake zargin matarsa da laifinsa zalunci ne, ko da ladabi ya kira shi. Su kuma manya, kafin su tambayi wa aka fara gayarwa, su fara tambayar wa ya gaji.

Auta dai har yau shi ne gwanin tsara hanya a kamfaninsu. Amma duk ranar da suka shiga birnin nan, komai cunkoso, motarsa ƙarshen gari take fara nufa.